Martani: Wa aka tsara wa wannan zagaye na gonakin inabin Kef?

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda ya tsara wa masu karatu yadda za su yi kwana huɗu a yankin gonakin inabi na Afirka ta Kudu, wato kwarurukan yankin Kef da ke bayan birnin Keftawun. Niyyarsa alheri ce, ban yi shakka ba. Akwai mutanenmu da taro ko kasuwanci ko karatun 'ya'ya ke kai su can, su sami 'yan kwanaki a hannu su rasa yadda za su yi da su, kuma irin wannan rubutu shi suke nema. Sai dai tsarin da Malam ya bayar ban yarda da shi ba tun daga tushe, kuma ina tsoron wani ya ɗauke shi ya biya kuɗin masauki a kansa.

Ga yadda ya shimfiɗa abin. Ranar sauka a hau Dutsen Tebur, a gangara har Cape Point kafin rana ta faɗi. Kashegari a zaga gonaki biyar a Stellenbosch. Rana ta uku a haɗa Franschhoek da Paarl. Ta huɗu a yi sammako zuwa Hermanus a kalli ƙattin kifayen nan na teku masu shayar da 'ya'yansu, a biya ta Robertson, a kamo jirgin dare. Kowane dare a sabon masauki. Ya ce watan Fabrairu ya fi, lokacin ɗibar inabi. Sannan ya rufe da shawara biyu: Musulmi ya nemi ruwan inabi marar sa maye ya zauna cikin jama'a abinsa, kuma kada kowa ya wahalar da kansa da gidajen tarihi, tunda hutu aka je yi.

Lissafin hanya kaɗai ya isa ya rushe wannan tsari. Daga Legas zuwa Johannesburg wajen awa 6 ne a sama, daga nan zuwa Keftawun awa 2, ban da zaman jiran canjin jirgi, ban da wanda ya taso daga Kano ko Yamai. Mutum zai sauka ne a gajiye, da rabin yini a hannu idan ya yi sa'a. Motar igiya mai hawa Dutsen Tebur rufe ta ake yi idan iska ta yi ƙarfi, kuma lokacin zafinsu shi ne lokacin iskar kudu maso gabas. Cape Point kusan kilomita 70 ne daga birni. Rana ta huɗu kuwa, ta kowace hanya aka bi, tafiyar ta haura kilomita 350, cikin duwatsu, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun hagu, da jirgi yana jira a ƙarshenta. Kifayen da za a yi wannan wahala dominsu tsakanin Yuni da Nuwamba suke zuwa gaɓar Hermanus. Wanda ya je a Fabrairu kamar yadda Malam ya ce, ruwa kawai zai gani.

Wannan gyara ne mai sauƙi, a cire nan a rage can. Abin da ya fi damuna shi ne inda aka samo tsarin. Zagayen gonaki biyar a yini ɗaya an ƙirƙire shi ne domin masu ɗanɗanar giya, kuma a wurinsu yana da ma'ana. Tun 1971 manoman Stellenbosch suka buɗe hanyar zagayen gonakinsu, ta farko a ƙasar, don baƙo ya zo ya ɗanɗana ya saya. Yana shiga a zaunar da shi, a jera masa ƙananan kofuna biyar ko shida, ma'aikaci ya tsaya yana bayanin kowanne, bayan rabin awa ko awa ɗaya ya sayi kwalabensa ya wuce gona ta gaba. A bakinsa gonar nan ta bambanta da waccan, shi ya sa yawan gonakin ke da riba a gare shi. Malam ya ɗauko wannan jadawali yadda yake, ya zare giyar, ya miƙo mana sauran. To me ya rage? Farin gida mai ado a goshi, itatuwa, layukan inabi, dutse a baya. Gona ta biyu haka, ta uku haka. Kamar a ɗauki mai azumi ne a zaga da shi gidajen biki biyar, a ce ya ga gari.

Maganar ruwan inabi marar sa maye kuma, Malam ya wuce ta da jimla ɗaya, alhali ita ce tambayar farko da mai karatunsa zai yi. Ko ɗan Islamiyya ya san hanin bai tsaya kan sha kaɗai ba, akwai gargaɗi kan zama a teburin da ake zagayawa da giya, da ɗaukarta, da cinikinta. Hukuncin kowane hali na malamai ne, kowa ya tambayi nasa kafin ya tashi. Amma wanda ya ɗauki alƙalami zai tsara wa Musulmi tafiya, haƙƙi ne a kansa ya faɗa masa gaskiyar wurin: wace gona ce ɗakin ɗanɗana kawai gare ta, wacce ce ke da lambu ko gidan tarihi da za ka shiga ka fita ba ka kusanci teburin ba, kuma ya faɗa masa cewa ko kuɗin ƙofar lambun ma aljihun gonar da ke yin giya yake shiga. Wani zai ji haka ya ce ya haƙura da gonakin gaba ɗaya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ɓoye masa ne laifi.

Na san akwai masu cewa Musulmi ba shi da abin nema a irin wannan wuri sam. Da tsarin Malam ne kaɗai abin da ke can, da na bi bayansu. Amma wani babban yanki na tarihin Musulunci a kudancin Afirka a tsakiyar waɗannan gonaki yake kwance, kuma shi ne abin da Malam ya ce a tsallake.

A ranar 2 ga Fabrairu 1659 Jan van Riebeeck, wakilin kamfanin kasuwancin Holan, ya rubuta cewa an matse inabin Kef karo na farko. Shekara guda kafin nan, a 1658, jirage biyu suka sauke bayi a wannan gaɓa, ɗaya da mutanen Angola da aka ƙwace daga jirgin Fotugal, akasarinsu yara, ɗayan da mutanen gaɓar Dahomey, maƙwabtanmu. Daga nan har zuwa 1808 an shigo da bayi kimanin 63,000 daga Indiya da tsibiran Indunusiya da Madagaska da Mozambik. Su suka sare daji, suka haƙa ramukan inabi, suka gina fararen gidajen nan da ake ɗaukar hoto a gabansu. A tsofaffin gonaki da yawa, gefe kaɗan da babban gida, za ka ga ginshiƙai biyu farare da aka haɗe samansu, ƙararrawa na rataye a tsakiya. Da ita ake tada bayi da asuba, da ita ake sallamarsu da yamma. Na ga baƙi suna jeruwa ƙarƙashinta suna murmushi ana ɗaukarsu hoto, don ba wanda ya gaya musu mece ce. Mai bin tsarin Malam haka zai yi, kuma ba laifinsa ba ne.

A gonar Vergelegen da ke Somerset West, wadda gwamna Willem Adriaan van der Stel ya kafa a 1700, itatuwan kafur biyar da aka dasa a zamaninsa suna nan tsaye a gaban gida, gindin kowanne ya fi ƙarfin mutum uku su rungume. Shi gwamnan an tuɓe shi a 1707 bayan manoma sun kai ƙararsa kan yadda ya azurta kansa da dukiyar kamfani. Wajen bayi 200 ne suka yi masa aiki a wannan gona. A farkon shekarun 1990 masu binciken tarihi suka tone harsashin ɗakin kwanan bayin, suka tarar da ƙasusuwan wata mata a ƙarƙashin daɓe, aka sake binne ta a gonar. Wuri irin wannan safiya guda yake so, a tsanake. Ba ya shiga cikin minti arba'in da aka ware wa kowace gona.

Kuma tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Stellenbosch, kusa da inda kogin Eerste ke faɗawa teku, akwai hubbaren Shehu Yusuf na Makassar. Malami ne ɗan gidan sarautar Gowa, ya yi hajji ya yi karatu a ƙasashen Larabawa, ya yaƙi Holan a Banten, suka kama shi suka kai shi Silon, da suka ga har can mutane na binsa sai suka tura shi Kef a 1694 da mutum 49 na iyalinsa da almajiransa. Suka ajiye shi a gonar Zandvliet, nesa da gari, don kada ya haɗu da bayi. Bayin da suka gudu suka riƙa samunsa a can. Ya rasu a 1699, kuma har yau sunan unguwar Macassar. Hubbaren yana kan tudu, farin gini mai ƙubba, ana hawa ta matakala, a tuɓe takalmi a ƙofa. A ciki an lulluɓe kabarin da yadudduka, ƙamshin turare ya kama ɗakin, a waje iskar teku tana kaɗa yashi. Na san mu a gida mun sha bamban kan ziyarar hubbare, kuma ban zo sasanta wannan ba. Wanda zai je da niyyar ziyara ya je, wanda zai je ya ga inda aka jefar da malami don a kashe addininsa amma addinin ya yi saiwa, shi ma ya je. Abin da ban gane ba shi ne a rubuta wa Hausawa tsarin zagayen wannan yanki, a lissafa gonaki da yawa, ba a ambaci Shehu Yusuf ko sau ɗaya ba.

Yadda Musulunci ya yaɗu cikin bayin ma yana da alaƙa da gonakin. A 1770 aka yi dokar da ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma, sai iyayengiji suka daina barin bayinsu su zama Kirista, don kada dukiyarsu ta maƙale. Malaman Musulmi kuwa suka buɗe musu ƙofa, suka koyar da su, suka ɗaura musu aure, suka yi wa mamatansu wanka da sallah, a lokacin da yin ibadar Musulunci a fili haramun ne a dokar ƙasa, har zuwa 1804. Masana tarihi sun kawo cewa wasu manoman sun fi son bawa Musulmi ya tuƙa keken shanun da ke kai gangunan giya gari, saboda sun san ba zai taɓa ba.

An soke bauta ranar 1 ga Disamba 1834, aka tilasta wa bayin ƙarin shekara huɗu na aiki da sunan koyon sana'a, diyya kuma iyayengiji aka biya. Waɗanda aka 'yanta ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Wasu suka taru a matsugunan mishan irin Pniel, wanda aka kafa a 1843, yana nan a bakin hanyar da ta tashi daga Stellenbosch ta haye Helshoogte zuwa Franschhoek, kuma yana da ƙaramin gidan tarihinsa. Hanyar da Malam ya zana ta ratsa tsakiyar garin, bai ce a taka birki ba. Sauran waɗanda aka 'yanta suka koma gonakin da suka baro, aka ci gaba da biyansu wani ɓangare na lada da giya, ana auna musu sau da yawa a yini. Wannan tsari da ake kira dop doka ta hana shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Abin da ya bari yana nan: yankin na cikin wuraren da aka fi samun yaran da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa saboda shan giyar uwa tana da ciki, a duk duniya. Mu da addininmu ya hana mu wannan abu, idan muka je muka dawo da hoton lambu kawai, ba mu ga komai ba.

Tunda Malam ya zaɓi Fabrairu, da ya ce wa mai karatu ya fito bayan sallar asuba ya bi hanyar gonaki a hankali. A lokacin ake ɗiba, don inabin da rana ta gasa ba ya auki. Manyan motoci sun riga sun sauke leburori, maza da mata da ɗankwali da hular rana, kowa da ɗan almakashinsa, a duƙe cikin layuka. Ana yanke nonon inabi a jefa cikin akwatin roba, in ya cika a saɓa a kafaɗa a ruga da shi wurin tarakta, a dawo da gudu, don da yawansu da yawan akwati ake biyansu. Da yawa 'yan cirani ne daga Gabashin Kef da Lesotho da Zimbabwe. A ƙarshen 2012 leburorin De Doorns, inda ake noman inabin ci da ake fitarwa waje, suka yi yajin aikin da ya bazu a yankin, har gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105 a 2013. Kafin ƙarfe goma da ake buɗe wa baƙi ƙofa, mafi wuyar aikin ya wuce.

In ni ne zan tsara wa ɗan'uwa waɗannan kwanaki, masauki ɗaya zan kama masa a Stellenbosch ya ajiye jakarsa ya huta da ɗaure kaya kullum. Garin bai fi kilomita 35 daga filin jirgi ba, kuma duk inda zan tura shi yana cikin tafiyar wajen awa ɗaya daga nan. Ranar sauka kada ya je ko'ina. Ya yi barci, da la'asar ya taka titin Dorp a ƙafa, ƙarƙashin tsofaffin itatuwan da garin ya yi suna da su tun kafa shi a 1679. Kashegari Shehu Yusuf da safe, Vergelegen bayan nan, ya dawo. Wuri biyu a yini sun isa. Idan Juma'a ta same shi a garin akwai masallaci a titin Banhoek, kuma shi kansa masallacin shaida ne: unguwar da ke kewaye da shi, Die Vlakte, gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana ta ta farar fata a 1964, aka kwashe mutanenta zuwa Cloetesville da Idas Valley, masallacin ya rage a inda yake. A lura kuma da lokutan sallah, don a tsakiyar zafinsu rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8.

Rana ta uku ita ce ta mota, kuma ita ce mafi kyan gani. A haye Helshoogte, a tsaya Pniel, a shiga Franschhoek inda Furotestan 'yan gudun hijira daga Faransa suka zauna daga 1688. Kada a tsaya a cikin gari kawai, a hau hanyar dutsen da ke bayansa. Daga sama za ka ga kwarin gaba ɗaya, in ka gangara ɗaya gefen kuma ka tarar da dam ɗin Theewaterskloof, mafi girma cikin waɗanda ke shayar da Keftawun. A farin 2018 ƙasansa ya fito fili, aka ƙayyade wa kowane mutum a birnin lita 50 a yini. Duk wanda ya taɓa noman rani zai so ya ga yadda suke ɗiga wa inabi ruwa ta siririn tiyo, gindi-gindi. A dawowa a bi hanyar Paarl, a tsaya ƙofar kurkukun da a da ake kira Victor Verster, inda Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairu 1990. A kan dutsen Paarl akwai hasumiyar tunawa da harshen Afirkans da aka buɗe a 1975, kuma yana da kyau Bahaushe ya san cewa cikin rubuce-rubucen farko na wannan harshe akwai waɗanda Musulmin Kef suka yi da haruffan Larabci, kamar ajaminmu, har an buga littafin fiƙihu na Abubakar Effendi a haka a Santanbul a 1877. Mai ƙarfin ƙafa da ba ya son shiga kowace gona, ga gandun Jonkershoek a bayan Stellenbosch, duwatsu da rafuka, ba kwalba ko ɗaya.

Inda Malam ya yi daidai ba zan hana shi ba. Gaskiya ne a nemi biza da wuri, a kama masauki tun kafin a tashi idan tsakanin Disamba da Maris za a je, kuma gaskiya ne ƙasar tana da kyan da ke sa mutum tasbihi. Amma ko a batun abinci ya bar giɓi. A gidajen abincin gonaki naman alade yana cikin jerin abinci, miya da yawa da giya ake haɗa ta, sai ka tambaya kafin ka ci, ko ka tsaya kan kifi gasasshe da kayan lambu. A cikin gari kuma a duba takardar halal a bango, irin wadda majalisar malaman Kef, da aka kafa a 1945, ke bayarwa.

Ranar ƙarshe a bar Stellenbosch da safe a nufi Constantia, gonar da Simon van der Stel ya kafa a 1685, wadda giyarta ta kai har teburin Napoleon a tsibirin da aka tsare shi. Babban gidan Groot Constantia yanzu gidan tarihi ne, kuma akwai bayanin bayin da suka yi aiki a nan. A wannan kwari akwai hubbare biyu, na Shehu Abdurrahman Matebe Shah a bakin gonar Klein Constantia da na Sayyid Mahmud a kan tudun da ake kira Islam Hill, manyan mutane ne daga Sumatra da Holan suka koro a ƙarshen shekarun 1660, tun kafin a dasa inabi a wurin. Daga nan a shiga birni a yi azahar a masallacin Auwal da ke Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, na farko a ƙasar. Limaminsa na farko, Tuan Guru, ɗan sarautar Tidore ne da aka ɗaure a tsibirin Robben a 1780, ya rubuta Alƙur'ani da ka, kuma ɗaya daga cikin kwafin da ya rubuta da hannunsa yana ajiye a masallacin. Abincin rana a unguwar za a ci, ba sai an tambayi abin da ke cikin miya ba. Filin jirgi kilomita 20 ne daga nan, amma babbar hanyar tana cushewa da yamma, saboda haka a tashi kafin la'asar.